Allurar PRP don ciwon jijiyar ƙafa ga masu ciwon suga: abin da ya kamata ka sani kafin ka biya kuɗi

Idan kana da ciwon suga kuma tafin ƙafarka ya fara yi maka zafi da dare kamar an zuba barkono, ka san irin wahalar da muke magana a kanta. Mutanen gida na barci, kai kana zaune a bakin gado, ka tsoma ƙafa a ruwan sanyi, ka fitar, ka taka siminti ko za ka ji dama. Wani ko mayafi ba ya son ya taɓa masa yatsu. Wani kuma ba zafi yake ji ba, ƙafar ce ta mutu, yana tafiya kamar a kan auduga, takalmi ya suɓuce masa bai sani ba.

A 'yan shekarun nan akwai tambayar da ta yawaita a ɗakin ganin likita: "Likita, an ce akwai wata allura da ake haɗawa da jinin mutum, tana farfaɗo da jijiyar da suga ya kashe. Gaskiya ne?" Wani ɗansa ne ya turo masa bidiyo a WhatsApp. Wani a Masar ko Indiya aka yi masa tayinta lokacin da ya je neman magani. Allurar da suke nufi ita ce PRP.

Ga amsar a taƙaice. PRP ba ƙarya ba ce, likitoci na gaske suna bincike a kanta, kuma wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna tana iya rage zogi na 'yan watanni. Amma har yanzu a matakin gwaji take. Babu wata babbar ƙungiyar likitocin suga ko na jijiya da ta sa ta cikin magungunan da take ba da shawarar a yi amfani da su don wannan ciwo. Kana iya yanke shawarar gwada ta, amma ka yi hakan da idonka a buɗe, kuma kada ta sa ka ajiye abubuwan da aka tabbatar suna kare ƙafa.

Yadda suga ke lalata jijiya

A Hausa kalmar "jijiya" tana nufin abu biyu. Akwai jijiyar jini, wadda jini ke gudana a cikinta. Akwai kuma jijiyar saƙo, wadda ke ɗauko ji daga fata ta kai wa ƙwaƙwalwa: zafi, sanyi, taɓawa, suka. A wannan bayani jijiyar saƙo muke nufi. Ka ɗauke ta kamar wayar lantarki mai riga ta roba. Zaren jijiyar da ya taso daga ƙasan baya zuwa babban yatsan ƙafa ya kai kusan mita ɗaya, shi ne mafi tsawo a jiki.

Idan suga ya daɗe yana sama, yana yin ɓarna ta hanya biyu. Na farko, sugan da ya yi yawa yana shiga cikin jijiyar, ya rikiɗe zuwa sinadarai masu gurɓata ta daga ciki. Na biyu, yana toshe 'yan ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da ita, sai ta rasa isasshen abinci da iska. Jijiya mafi tsawo ita ce ke fara galabaita, shi ya sa ciwon ke somawa daga yatsun ƙafa, a ƙafa biyu lokaci ɗaya, ya riƙa haurowa a hankali kamar ana sa safa. Idan ya kusa gwiwa, yatsun hannu ma sukan fara.

Jijiyar da ta ji rauni tana aika saƙon ƙarya. Babu wuta a ƙafarka amma ƙwaƙwalwa na samun labarin wuta. Daga nan ne raɗaɗi, suka kamar allura, fizga kamar ta lantarki da jin tafiyar kiyashi ke fitowa. Idan ɓarnar ta yi nisa, saƙon yakan ɗauke gaba ɗaya. Mara lafiya ya yi murna zafi ya tafi, alhali nan ne haɗarin ya ƙaru, domin ƙusa za ta soke shi ko garwashi ya ƙona shi bai ji ba.

Kusan rabin masu ciwon suga za su gamu da lalacewar jijiya a tsawon rayuwarsu, ko da yake ba duka ne ke jin zafi ba. Daɗewa da ciwon, hawan jini, yawan kitse a jini, shan taba da shan giya duk suna ƙara saurin ɓarnar.

Kada kuma a ɗora wa suga kowane ciwon ƙafa. Ƙarancin bitamin B12 yana kawo irin waɗannan alamu, kuma daɗewa ana shan metformin na iya rage wannan bitamin. Haka ciwon ƙoda, raunin aikin maƙoƙo, cutar HIV, maganin tarin fuka mai suna isoniazid, kuturta, da matsewar jijiya a ƙashin baya. Kowanne da maganinsa daban. Wanda ƙarancin B12 ke damunsa, da bitamin mai arha za a taimake shi, allurar PRP ba za ta yi masa komai ba.

Mece ce PRP, kuma yaya ake yin ta?

Jini kala ɗaya yake a ido, amma haɗin abubuwa huɗu ne: jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, ruwan jini mai launin rawaya, da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira filatilet. Filatilet su ne ke daskarar da jini idan ka yanke. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a cikin kowace maikurolita ta jini, kuma kowace ƙwaya tana rayuwa kwana 7 zuwa 10.

Aikin filatilet bai tsaya ga tsayar da jini ba. A cikinsu akwai 'yan jakunkuna ɗauke da sinadaran gyara, irin su PDGF, VEGF, TGF-beta da IGF-1. Idan suka isa wurin rauni sai su zazzage waɗannan sinadarai, su kira ƙwayoyin da za su gina sabon nama da sababbin hanyoyin jini. PRP taƙaitaccen suna ne na Turanci, ma'anarsa ruwan jinin da aka tattara filatilet masu yawa a cikinsa.

Yadda ake haɗa ta bai da wuya. Ana ɗiban jini daga hannunka kamar za a yi gwaji, yawanci tsakanin mililita 15 zuwa 60. A sa shi cikin kwalba mai sinadarin hana daskarewa, a ɗora a injin da ke wulwula shi da sauri na 'yan mintuna. Jajayen ƙwayoyi sun fi nauyi, sai su kwanta a ƙasa, ruwan jini ya taso sama, filatilet su taru a tsakani. Likita ya zuƙo wannan ɓangare, wanda yawan filatilet ɗinsa ya ninka na jinin jiki sau da dama. Don ciwon jijiya, ana yin allurar a gefen jijiyar, kamar wadda ke bayan idon sawu, ana kallon bakin allurar a na'urar sikanin don kada a soki jijiyar kanta. Duk aikin yakan ɗauki kamar awa ɗaya, ka koma gida a ranar.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Likitan tiyatar muƙamuƙi Robert Marx na Amurka ya wallafa aikinsa a kanta a 1998, inda ya yi amfani da ita wajen taimaka wa dashen ƙashi ya kama. Daga baya ta shiga fagen wasanni, aka ji shahararrun 'yan wasa irin su Tiger Woods da Rafael Nadal sun yi ta a gwiwa. Yanzu ana tallarta don ciwon gwiwa, sanƙo, gyaran fuska da abubuwa da dama.

Me ya sa ake tunanin za ta taimaki jijiya?

Tunanin yana da ma'ana. Jijiyoyin hannu da ƙafa suna iya sake tsirowa idan sun sami yanayi mai kyau, kimanin milimita ɗaya a rana. Sinadaran da ke cikin filatilet suna ƙarfafa ƙwayoyin da ke saƙa rigar jijiya, suna taimakawa wajen fitowar sababbin ƙananan hanyoyin jini, suna kuma rage kumburi. A gwaje-gwajen da aka yi kan ɓeraye da zomaye waɗanda aka ji wa jijiya rauni, an ga PRP tana hanzarta warkewa.

Sai dai akwai bambanci babba tsakanin ɓeran da aka yanke wa jijiya ɗaya jiya da mutumin da suga ya shekara goma sha biyar yana cin jijiyoyinsa. Ciwon jijiya na suga ya shafi dubban zaruruwa a ƙafa biyu, daga sama har ƙasa, allura kuwa wuri ɗaya ko biyu take kaiwa. Sinadaran suna aiki na ɗan lokaci su ƙare, sugan da ya jawo ɓarnar yana nan yana ci gaba. Ƙari a kan haka, da jininka ake haɗa maganin, kuma ciwon suga yana canza yadda filatilet ɗin mai shi ke aiki.

Abin da bincike a kan mutane ya nuna

Binciken da aka fi ambato an yi shi ne a Jami'ar Asyut ta ƙasar Masar, aka wallafa shi a mujallar Pain Medicine a 2020. An ɗauki mutum 60 masu ciwon suga nau'i na 2 da ke fama da ciwon jijiya, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka yi musu allurar PRP a gefen jijiya tare da magungunan da aka saba. Ɗaya kashin magunguna kawai aka ba su. An bibiye su a wata ɗaya, wata uku da wata shida. Waɗanda aka yi wa allura sun fi samun sauƙin zogi da mutuwar ƙafa.

Wannan labari ne mai daɗi, amma ka lura da abu uku. Mutum 60 kaɗan ne, magungunan da muke rubutawa kullum an gwada su a kan dubbai. Wata shida gajeren lokaci ne ga ciwon da mutum zai rayu da shi shekaru. Na ukun shi ne mafi muhimmanci: kashi na biyu ba a yi musu wata allura ba sam, don haka kowa ya san wanda ya sami "sabon magani".

Me ya sa wannan ke da muhimmanci? Domin zogi abu ne da ƙwaƙwalwa ke aunawa, kuma sa rai yana rage shi da gaske. A gwaje-gwajen magungunan zogi, kaso mai yawa na waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki sukan ce sun ji sauƙi, ba kuma ƙarya suke yi ba. Allura ta fi ƙwaya wannan tasiri, musamman idan mai tsada ce, an ɗibi jininka a gabanka, an sa a inji, an kunna na'urar sikanin. Hanyar da za a gane aikin maganin kansa ita ce a yi wa wasu allurar ruwan gishiri ba tare da mara lafiya ko mai aunawa ya san wa aka yi wa wacce ba.

An taɓa yin irin wannan gwaji ga PRP a ciwon gwiwa, kuma darasinsa ya shafe ka. A Ostireliya an ɗauki mutum 288 masu ciwon zaizayewar gwiwa, aka yi wa rabi PRP, rabi ruwan gishiri, ba wanda ya san nasa. Sakamakon ya fito a mujallar JAMA a 2021. Bayan shekara ɗaya, duka kashi biyun sun ce zogi ya ragu, amma PRP ba ta fi ruwan gishiri da wani abin a zo a gani ba. Kafin wannan gwaji akwai ƙananan bincike da dama da suka yabi allurar.

Inda PRP ta fi nuna alamar amfani a harkar jijiya shi ne idan jijiya ɗaya ce ta matse a wuri ɗaya, kamar matsewar jijiyar wuyan hannu da ke sa yatsu su mutu da dare. Masu ciwon suga sun fi saurin samun wannan matsala, amma ciwo ne daban da wanda ke haurowa daga yatsun ƙafa.

Akwai wata matsala kuma. PRP ba kamar farasitamol ba ce da ƙwaya ɗaya take daidai da 'yar uwarta. Yawan jinin da aka ɗiba, irin injin, saurin juyawa, ko an bar fararen ƙwayoyi a ciki ko an cire, duk sun bambanta daga asibiti zuwa asibiti. Abin da za a yi maka yana iya zama daban da wanda aka gwada a Asyut.

Saboda waɗannan dalilai, Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka da Kwalejin Likitocin Jijiya ta Amurka ba su sa PRP cikin jagororinsu na maganin wannan ciwo ba. Hukumar FDA ma ba ta amince da ita a matsayin maganin ciwon jijiya na suga ba. Idan aka ce maka "FDA ta yarda", yawanci na'urar tace jinin ake nufi. Mafi yawan kamfanonin inshorar lafiya ba sa biyan kuɗinta, daga aljihunka za ta fito.

Kada a haɗa ta da maganin gyambo

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Akwai wani amfani na filatilet ga masu ciwon suga da hujjarsa ta fi ƙarfi, wato ɗora su a kan gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa. Wani bincike da aka yi a Birtaniya, Denmak da Suwidin, wanda ya fito a 2018, ya gwada wani manni da ake haɗawa daga jinin mara lafiya. Cikin mako 20, gyambon kashi 34 cikin 100 na waɗanda aka sa wa mannin ya warke, sauran da aka yi wa wankin ciwo na yau da kullum kuwa kashi 22. Tun 2021 inshorar gwamnatin Amurka ta tsofaffi, Medicare, take biyan kuɗin PRP don irin wannan gyambo.

Warkar da gyambo daban, kashe zogin jijiya daban. Idan mai talla ya nuna maka hoton ƙafar da ta warke don ya sayar maka da allurar zogi, ya kawo hujjar wani abu ne ya jingina wa wani.

Haɗarin da ke tattare da ita

Tun da jininka ne, da wuya jiki ya ƙi shi. Wannan gaskiya ne, amma ba ya nufin babu haɗari. Wurin allurar yakan yi zafi da kumburi na 'yan kwanaki. Jini na iya taruwa a ƙarƙashin fata. Idan hannun mai yin bai ƙware ba, bakin allura na iya raunata jijiyar da aka zo gyarawa.

Abin da ya fi damun mu likitoci shi ne shigar ƙwayar cuta. Ƙafar mai ciwon suga ba ta yafe ƙaramin kuskure. Jini bai isar ta sosai, garkuwar jiki ta yi rauni, ga shi mai ita ba zai ji zafin da zai gargaɗe shi da wuri ba. Hudar allura ɗaya da kayan da ba su da tsafta tana iya zama ƙurji, ƙurji ya zama gyambo.

Wurin da ake sarrafa jini kuma dole a bi ƙa'ida. A 2024 hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoton mata uku da suka kamu da HIV bayan an yi musu gyaran fuska da PRP a wani shagon kwalliya marar lasisi a jihar New Mexico, inda aka tarar da kwalaben jini babu suna da alamun ana maimaita kayan da ya kamata a jefar. Idan haka ta faru a can, kada ka yarda a ɗibi jininka a shagon kwalliya, kemis ko ɗakin otal.

Bai kamata a yi maka PRP ba idan kana da ciwo ko ƙurji a ƙafar, zazzaɓi ko cuta a jini, ƙarancin filatilet, ƙarancin jini mai tsanani, ko cutar daji da ake kan magani. Idan hanyoyin jinin ƙafarka sun toshe, wannan ne abin da za a fara dubawa. Idan kuma kana shan asfirin, clopidogrel ko warfarin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, wasu wuraren za su ce ka dakatar kafin allura. Kada ka dakatar sai da izinin likitan da ya rubuta maka. Ba a sayen sauƙin ƙafa da bugun zuciya.

Akwai haɗari na ƙarshe da ba a rubutawa a takardar yarjejeniya, wato kuɗi. Na sha ganin iyalin da suka haɗa abin da suke da shi don wani sabon magani, bayan wata biyu mara lafiya ya dawo babu kuɗin insulin, babu na tsinken gwajin suga. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mai zogin dare haka yake, shi ya sa 'yan uwa ne ya kamata su tsaya su yi lissafi da sanyin kai.

Abubuwan da aka tabbatar suna aiki

Na farko shi ne daidaita suga. Babban binciken DCCT, wanda aka yi a kan mutum 1,441 masu nau'i na 1 a Amurka da Kanada, ya nuna a 1993 cewa tsananta kula da suga ya rage samun lalacewar jijiya da kusan kashi 60 cikin 100. Ga masu nau'i na 2 amfanin bai kai haka ba, don haka dole a haɗa da kula da hawan jini, kitse, ƙiba, barin taba da motsa jiki. Ga yawancin manya, ana son gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ya kasance ƙasa da kashi 7. Likitanka zai iya sa maka wani mizani daban gwargwadon shekaru da lafiyarka. Daidaita suga ba ya dawo da jijiyar da ta riga ta mutu, amma yana kare wadda ta rage.

Na biyu, magungunan zogin jijiya. Farasitamol, ibuprofen da diclofenac ba su cika yin aiki a wannan ciwo ba, biyun ƙarshe kuma suna cutar da ƙoda da ciki idan aka daɗe ana sha. Waɗanda ake amfani da su su ne amitriptyline, duloxetine, pregabalin da gabapentin. Wani bincike da Farfesa Solomon Tesfaye na Sheffield ya jagoranta a Birtaniya, wanda ya fito a mujallar Lancet a 2022, ya kwatanta amitriptyline, pregabalin da duloxetine. Ya gano ƙarfinsu kusan ɗaya ne, kuma wanda ɗaya bai ishe shi ba yakan ƙara samun sauƙi idan aka haɗa masa biyu. Wannan albishir ne ga mai ƙaramin ƙarfi, domin amitriptyline na cikin mafi arha.

Mutane da yawa da ke cewa "na sha magani bai yi ba" kwana huɗu suka sha suka ajiye. Ana farawa ne da kaɗan, a riƙa ƙarawa a hankali, kuma sai an yi makonni kafin a yanke hukunci. Burin shi ne zogi ya ragu da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, ka sami barci, ka koma sana'arka. Amitriptyline na kawo bushewar baki da barci, kuma ana taka-tsantsan da shi ga tsofaffi da masu ciwon zuciya. Pregabalin da gabapentin na kawo jiri da kumburin ƙafa, ana rage su ga mai ciwon ƙoda, kuma jiki na iya sabawa da su, don haka kada ka saya da kanka ko ka daina farat ɗaya. Tiramol da danginsa ba a ba da shawarar a dogara da su, haɗarin kamu ya fi amfanin.

Idan waɗannan duka sun gaza, akwai mannin capsaicin mai ƙarfi, sinadarin da ke sa barkono yaji, wanda FDA ta amince da shi don wannan ciwo a 2020, da na'urar da ake dasawa kusa da laka, wadda ta amince da ita a 2021. Suna da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba.

Na uku, kula da ƙafa, wanda ba ya cin ko sisi. Duba ƙafarka kullum, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. Idan ido ko ƙugu ba su bari, sa madubi ko wani a gida ya duba maka. Bayan alwala ko wanka, tsane tsakanin yatsu. Shafa mai a diddige don hana faso, ban da tsakanin yatsu. Kada ka yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, kuma ka zazzage takalmi kafin ka sa. Lokacin hunturu kada ka kai ƙafa kusa da kaskon wuta, ruwan zafi kuma ka gwada shi da gwiwar hannu. Kada a yi maka sakiya, tsaga ko ƙaho a ƙafa, kada mai yankan farce ya fere maka kanta da reza. Sau ɗaya a shekara ka cire takalmi a gaban likita ya gwada jin ƙafarka da ɗan zaren roba na musamman, ya kuma taɓa bugun jininta. Mai nau'i na 2 daga ranar da aka gano ciwon ake fara wannan, mai nau'i na 1 bayan shekara biyar.

Idan duk da haka kana son gwadawa

Wanda ya daidaita sugansa, ya gwada magungunan nan yadda ya kamata, zogi bai bar shi ba, kuma yana da halin biya ba tare da ya taɓa kuɗin maganinsa ba, ba laifi ba ne ya tattauna PRP da likitansa. Kafin ka miƙa hannu, yi waɗannan tambayoyi:

1. An tabbatar suga ne ya jawo ciwon? An auna B12, ƙoda da maƙoƙo?
2. An duba gudun jini a ƙafata?
3. Wa zai yi allurar? Likita ne mai rajista, kuma ya ƙware a allurar gefen jijiya? A Najeriya hukumar MDCN ce ke yi wa likitoci rajista.
4. Da na'urar sikanin za a yi?
5. Kayan sababbi ne, a gabana za a buɗe? Jinina zai bar ɗakin?
6. Allura nawa za a yi, nawa ne jimillar kuɗin?
7. Da me za mu auna ko ta yi aiki, kuma yaushe za mu tsaya idan ba ta yi ba?
8. Idan matsala ta taso bayan na koma gida, wa zan kira?

Tambaya ta ƙarshe ta fi shafar wanda za a yi wa a ƙasar waje. Likitan kirki zai amsa duka ba tare da ɓacin rai ba, kuma shi da kansa zai gaya maka cewa maganin na gwaji ne. Ka guji duk wanda ya yi maka alƙawarin warkewa ɗari bisa ɗari, ko ya ce ka ajiye maganin suga, ko ya matsa maka ka biya kuɗin allura shida a yau don a yi maka ragi.

Wata dabara mai sauƙi: mako biyu kafin allurar, ka riƙa rubuta ƙarfin zoginka kowane dare daga 0 zuwa 10, da awannin da ka yi barci. Ci gaba da rubutawa har wata uku bayanta. Takardar za ta gaya maka gaskiyar da zuciya ba za ta so faɗa ba bayan an kashe kuɗi.

Lokacin da za ka garzaya asibiti

Ko an yi maka allura ko ba a yi ba, kada ka kwana a gida idan ka ga ciwo ko bororo a ƙafa, ja da kumburi da ɗumi, ruwa ko mugunya ko wari, yatsa ya yi baƙi ko shuɗi, ƙafa ta yi sanyi farat ɗaya, ko zazzaɓi tare da ciwon ƙafa. Haka idan ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi ɗumi ko da babu zafi, ko ta fara ja maka a ƙasa idan kana tafiya. Yawancin yanke ƙafa ga masu ciwon suga daga ƙaramin ciwon da aka raina yake farawa.

Wataƙila nan gaba manyan gwaje-gwaje su ba PRP matsayi a maganin wannan ciwo, kuma idan haka ta faru za mu fi kowa murna. Kafin nan, kuɗin da ke hannunka ya fara zuwa ga maganin suga, gwajin HbA1c, takalmi mai taushi da ganin likita a kan kari. A zuwanka na gaba, gaya wa likita yadda dare ke yi maka, ka nemi a sake duba magungunanka, sannan ka cire takalmi da safa tun kafin ya tambaya.

Allah ya ƙara mana lafiya.